Iyod: daga ruwan sama zuwa maƙoshin ɗan akuya

Jawabin ma'aikacin kiwo ga makiyaya da manoma masu bisashe na ƙasar Tebaram

Na san wasu rijiya sunka baro, wasu kasuwa, don haka mu kama magana.

Kowanenku ya taɓa gani, ko ya ji labari. Akuya lafiya lau, ta ci ta ƙoshi, wata biyar ya cika, ta haihu, amma ɗan ya fito da ƙullutu a maƙoshi, gashi ɗai-ɗai a jiki, bai iya tsayuwa balle ya kama nono. Kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Wani sa'in ma a mace yake fitowa. Sai a ce iska ce, ko baki, ko uwar ta ci mugunyar ciyawa. Sau da yawa abin da ya kashe shi rashin wani sinadari ne da ake kira iyod, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma aidin. Shi ne wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo ga mutum. Kuma matsalar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu: binciken da anka yi cikin makarantun Nijar a 1994 ya iske maƙoƙo, babba ko ƙarami, ga fiye da yaro ɗaya cikin uku. Ƙasar da ta kasa ba yaro iyod, ita ce dai ke ciyar da akuyar gidansu.

A maƙoshin kowace dabba, dab da ƙasan maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka mai ɓari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, likitoci na ce mata tiroyid. Mahauta sun san ta ko da ba su san sunan ba. Aikinta ta tsinto iyod daga cikin jini, ta haɗa wani ruwa wanda ke hura wutar jiki: girma, ɗumin jiki, fitowar gashi, ginin ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, neman namiji, kawo nono. In iyod ya yi ƙaranci sai tsokar ta yi ta faɗaɗa don ta kama ɗan abin da ya rage. Wannan faɗaɗar ita ce maƙoƙo.

Abin da jiki ke so kaɗan ne ƙwarai. Ku ɗauki ƙwayar sukari guda, wajen giram 5 ke nan. Ku raba giram ɗaya kashi dubu, kowane kashi shi ne miligiram. Dabba na bukatar wajen rabin miligiram na iyod cikin kowane kilo na busasshen abincin da ta ci, mai ciki da mai shayarwa su ɗara haka kaɗan. Saniya azawak mai kilo 250 tana cin kilo 6 da ɗoriya a yini, ke nan miligiram 3 take so, giram ɗaya a shekara. Giram ɗaya tak. Amma in babu shi, babu wani abin da zai tsaya a madadinsa, ko dusa buhu nawa ka zuba.

Ina iyod yake fitowa?

Rumbunsa teku ne. Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, cikin tokar ciyawar teku ya fara gano shi a 1811. Daga teku yake tashi cikin iska, hadari ya ɗauko shi, ruwan sama ya sauke shi bisa ƙasa. Ƙasar da ke bakin teku tana samun rabo babba. Mu kuwa tsakaninmu da tekun Kwatano ko na Ikko akwai kusan kilomita dubu, kafin iskar damina ta iso Adar ta zubar da mafi yawan kayanta a hanya. Duwatsun da ƙasa ke fitowa daga gare su kuma ba su da iyod na a zo a gani.

Duk da haka ku ji wani lissafi. A ƙasashen da ke nesa da teku, litar ruwan sama ta kan zo da kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na giram. In damina ta ba mu milimita 350, hekta guda ta sha lita miliyan uku da rabi. Ke nan giram 3 zuwa 7 na iyod sun sauka bisa kowace hekta. Saniya giram ɗaya take so a shekara. To, ashe abin yana sauka. Tambayar ita ce, bayan ya sauka ina yake zuwa, kuma mi ya hana shi kaiwa bakin dabba?

Nan ne maganar ƙasa ta shigo, kuma nan nake so mu daɗe.

Iyod ɗin da ruwa ya kawo narkakke ne, kamar gishiri cikin ƙwarya. In ya faɗa bisa jigawa, farin rairayi wanda babu komi cikinsa, babu abin da zai riƙe shi. Ruwa na gaba ya tura shi ƙasa, can inda saiwar ƙarangiya ba ta kaiwa, wani kuma rana ta gasa shi ya koma iska. In bisa fako ya faɗa, ko shiga bai yi ba, ya bi ruwa ya gangara kwari.

Abu uku ke kama iyod cikin ƙasa: laka, da tsatsar ƙarfe wadda ke ba jar ƙasa da marmarar tudun Adar launinsu, da ruɓi. Cikin ukun nan ruɓi ne babba. Abin da nake nufi da ruɓi shi ne duk abin da ya taɓa rai ya mutu ya narke cikin ƙasa: kashin shanu, karan gero, ganyen gawo, tsohuwar saiwa, ƙaiƙayi, har ya zama baƙin garin nan mai ƙamshi da kuke iskewa a tsohon mashekari ko gindin kalgo. Cikin ruɓin akwai ƙananan halittu waɗanda ido bai gani. Su ne ke juya iyod ɗin ruwa, su sāke masa kama, sai ya manne da jikin ruɓin. Ku tuna da marina. Ka zuba ruwan baba bisa rairayi, ya shige, gobe babu alama. Ka tsoma farin zane, ya kama, shekara da shekaru yana nan. Ruɓi shi ne zanen. Kuma kamun ba ya ɗaukar lokaci, cikin ƴan kwanaki mafi yawan abin da ruwa ya kawo ya riga ya manne. Da masana sunka tara awon ƙasashe daban-daban na duniya, sun iske ƙasa mai yawan ruɓi ta ninka rairayi wajen sau uku a yawan iyod.

Jigawarmu kuwa matalauciya ce ta wannan fanni. Ma'aikatan INRAN da na cibiyar ICRISAT ta Sadore sun sha aunawa: rairayin da muke noman gero a Nijar, ruɓin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sau da yawa ko rabin haka bai kai. Zafi na cinye shi, gara na cinye shi, iska na kwashe shi. Mu ma muna taimakawa: mu kwashe kara ƙaf mu kai gida ko kasuwa, mu tsince kashin shanu don wuta, abin da ya rage mu tara mu cinna masa ashana lokacin sharar gona. Iyod ba ya jure wuta. Abin da ke cikin kara da ganye, in anka ƙone, hayaƙi yake bi. Haka gobarar daji take yi mana kowace kaka, ta cinye ciyawa, ta cinye abin da zai zama zanen baɗi.

To, yanzu wani zai ce, shi ke nan Malam, mu zuba taki, magana ta ƙare. A'a, tsaya tukuna. Zanen da ya kama baba da kyau, in ka wanke shi, ruwan wankin ba ya yin baƙi sosai. Haka ruɓi yake. Yana tara iyod, amma mai rowa ne. Cikin iyod ɗin da ƙasa ta riƙe, wanda ke narkewa cikin ruwa har saiwa ta iya sha, sau da yawa ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Sauran sai a hankali, yadda ruɓin ke narkewa. Ita kuma ciyawa ba ta damu da iyod yadda dabba ta damu ba, ba ta nemansa don ta girma. Za ka ga makiyaya kore shar, ciyawa har gwiwa, alhali iyod ɗin da ke cikinta bai kai rabin abin da mai ciki ke so ba. Nesa da teku, kilo na busasshiyar ciyawa ya kan tsaya tsakanin kashi ɗaya da kashi uku cikin goma na miligiram. Hektar da ta ba da tan guda na ciyawa, iyod ɗin da ke cikin tan ɗin duka bai kai rabin giram ba, ga shi kuwa giram 3 zuwa 7 sunka sauka.

Ke nan rairayi na saki amma bai da abin sakin, baƙar ƙasa na da shi amma tana riƙewa. Ni dai in an ba ni zaɓi, mai rowa nake ɗauka, don mai rowa in ka zauna kusa da shi kullum ka kan samu ɗan abu, wanda bai da komi kuwa sai gaisuwa. Fadama ma tana da nata hali: in ruwa ya kwanta bisanta kwanaki, iska ta ƙare cikin ƙasa, sai laka da tsatsa su saki iyod ɗin da sunka riƙe, ya koma cikin ruwa.

Akwai wata hanya kuma da ba a cika lura da ita ba. Ƙasa ta fi ciyawar da ta tsiro bisanta iyod nesa ba kusa ba. Dabbar da ke kiwo dab da ƙasa, tana haɗiyar ƙura da turɓaya, tana lasar suri, tana samun wani rabo ta nan. Makiyayan Ostireliya sun daɗe da gane cewa maƙoƙon ƴan tumaki da ƴan awaki ya fi ɓarna a shekarar da ruwa ya yi yawa bisa ƙasa mai rairayi: ruwa ya wanke ƙasa, ciyawa ta yi tsawo da sauri, dabba ta ci ta sama ba ta taɓa turɓaya ba. Saboda haka kar kowa ya ce bana an ƙoshi, babu abin tsoro. Ƙiba dabam, iyod dabam.

Abin da za a yi wa ƙasa kun san shi, ba sabon abu ba ne. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta manomi da makiyayi, garke ya kwana a gona bayan girbi a ba mai shi dame, ita ce kan gaba, don iyod ɗin da dabba ba ta yi amfani da shi ba yana komawa ƙasa ta fitsari da kashi, tare da zanen da zai riƙe shi. A bar wani kashi na kara kwance cikin gona. A bar sabara da kalgo da gawo su tofo. A share hanyoyin tare gobara tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Bisa fako a yi tassa da rabin-wata da jeren duwatsu, a sa taki cikin ramin. Kun ga abin da aikin Keita ya yi tun daga 1984, kun ga fakon Illela da Badagishiri da tassa ta maido gona. Ba don iyod anka yi waɗannan ayyuka ba, don gero da ciyawa anka yi, amma ramin da ya tsai da ruwa ya tara ruɓi ya tsai da iyod tare. Sai dai aikin shekaru ne, akuyar da ke da ciki yau kuwa wata biyar gare ta.

Akwai inda anka zuba iyod ɗin kai tsaye cikin ƙasa. A lardin Sinjan na ƙasar Sin, wajen Hotan, ƙasar hamada mai tumaki, tun daga 1992 an riƙa ɗiga ruwan iyod daga tano cikin magudanar ban-ruwa. Ƙasa ta kama, alkama da ciyawa sunka samu, tumaki sunka ƙaru, mutuwar jarirai ta ragu. Amma su magudana guda ke shayar da gonakin gari duka. Mu makiyayarmu daga nan har Azawak take, ruwan Allah take sha. Ba mu da bakin da za mu ɗiga ma. Bakin da muke da shi na dabbar ne.

Abincin da ke tare hanya

Kafin in zo ga gishiri, akwai abincin da ke hana tsokar maƙoshi amfani da ɗan iyod ɗin da ta samu. Na farko zai ba ku mamaki: gero, musamman dusarsa. An gano haka a Darfur ta Sudan, inda maƙoƙo ya yi yawa ga mutanen da gero ne cimarsu, an kuma gwada bisa awaki an ga tsokar ta kumbura. Ban ce ku daina ba da dusa ba, wa zai iya? Na ce akuyar da ke ɗaure a gida, dusa da ƙasari safe da yamma, ta fi ta daji bukatar iyod. Ku iyayenmu mata, wannan taku ce. Sai ɓawon rogo da ganyensa, da gyauron dawa, da ganyen shu, wato kabeji, wanda ake kwasowa daga garaken rani. Kaɗan-kaɗan cikin sauran abinci babu laifi. Mai ciki ta wuni bisa ganyen shu kaɗai, wannan kam a'a.

Kuma ba kowane kumburi ne maƙoƙo ba. Na maƙoƙo yana dab da ƙasan maƙogwaro, gefe biyu, da ɗan tauri, yana motsi in ka taɓa, kuma ga jariri aka fi ganinsa, uwar ba ta cika nuna komi ba. Kumburi mai taushi ƙarƙashin haɓar babbar dabba, wanda in ka danna yatsa ya bar rami, ga ramewa, ga farin ido, wannan tsutsar ciki ce ko ciwon hanta, maganinsa dabam. Ƙullutu gefe guda mai zafi wanda ya nuna ya fashe da mugunya, maruru ne. Ɗan akuya mai ƙiba, mai wasa, wanda wuyansa ya ɗan cika lokacin da yake shan nono da yawa, a ƙyale shi, yana sacewa da kansa bayan yaye.

Ɓari kuwa, ku ji ni da kyau. Rashin iyod na kawo ɓari, da maƙalewar mabiyiya, da jinkirin ɗaukar ciki. Amma in ɓari ya faɗo ma garke da yawa lokaci guda, kar ku tsaya neman gishiri, ku aiko mana ranar. Ba mu manta da 2016 ba, da zazzaɓin Rift ya shiga Cintabaradan da Tasara, bisashe sunka yi ta ɓari, mutane sunka rasu. Kar a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara, a sa leda, a binne da zurfi, kar a sha ɗanyen nonon uwar.

Maganar gishiri

Kowa na alfahari da nasa: kantun Balma, gishirin Tigidda, na Hoga, kanwa, wasu kuma kowace damina sai sun kai garke lasa wajen Ingal. Duka suna da amfani, suna buɗe ma dabba ci, suna ba ta abin da jiki ke nema. Amma babu wanda ya sa musu iyod. Ko gishirin teku, in ba a ƙara masa ba, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Don haka ne ƙasar Suwis ta fara ƙara ma gishiri iyod a 1922, Amurka ta bi a 1924. A 1994 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF sunka yi kira da a sa shi cikin duk gishirin da mutum da dabba ke ci, Nijar kuma ta kafa dokar gishiri mai iyod a 1995.

Gishirin miya mai iyod ana sa masa miligiram 20 zuwa 40 cikin kilo. Saniyar da ta lashi giram 30 a yini ta samu wajen miligiram ɗaya, sulusin bukatarta. Akuyar da ta lashi giram 5 zuwa 10, ita ma wajen haka. Sulusin nan in ya haɗu da na ciyawa da na turɓaya, sau da yawa shi ke raba ɗa mai tsayuwa da wanda bai tsayuwa. Dutsen lasa na kanti wanda anka yi don bisashe ya kan fi haka ƙarfi, amma a sa mai karatu ya duba takardar, don akwai wanda gishiri ne kurum da launi. Masu buga bulon dusa da gishiri a ƙungiya, ku sa mai iyod, ku shanya a inuwa.

In kuɗi ba su isa garke duka ba, a fara da masu ciki, tun daga barbara in da hali, in babu hali to wata uku na ƙarshe kar a fasa, sannan masu shayarwa. Iyod na bin nono, abin da kunka ba saniya yaranku za su sha. Ba sai kun bar kanwa da kantu ba, ku haɗa. Ajiya kuma ita ce rabin aikin: buhun da ya wuni buɗe cikin rana a kasuwa, ko ya sha raɓa da laima, iyod ɗinsa na raguwa. A sayi wanda ke rufe, a sa cikin tulu ko bokiti mai marfi a ɗaka, a riƙa ɗibar na kwana biyu ko uku ana zubawa a akushin lasa ƙarƙashin rumfa.

Jan ruwan iyod na kwalba, wanda muke shafa ma rauni da cibiyar jariri, na shafawa ne. Ku ci gaba da tsoma cibiya ciki, yana hana ƙwayar cuta shiga. Amma kar wanda ya ɗura ma dabba shi da ka. Iyod in ya yi yawa guba ne: hawaye, majina, tari, fata ta yi ta saɓa. Garken da maƙoƙo ya tabbata cikinsa, akwai maganin ɗurawa mai awo, akwai allurar mai wadda guda ɗaya kafin barbara ke riƙe tunkiya ko akuya har ta haihu. Wannan aikinmu ne, ku bar mana awon.

Hanyar tabbatarwa kuwa mai sauƙi ce. Jaririn da ya fito a mace ko ya mutu cikin kwana biyu, in ba lokacin yawan ɓari ba ne, a sa shi cikin leda a kawo mana tun bai kumbura ba. Za mu auna shi, mu fidda tsokar mu auna. Ɗan akuya mai kilo 2, in tsokarsa ta kai giram ɗaya, garken na bukatar iyod ko da ido bai ga kumburi ba. Abin da ya fi ƙarfinmu mu aika ɗakin binciken LABOCEL na Tawa. Ku faɗa mana inda uwar ta yi kiwo da ciki, jigawa ko fadama, da abin da ake ba ta a gida, don mu rubuta.

Ga ƴar kwalbar gwaji nan na zo da ita. Ɗigo guda bisa gishiri, in ya yi shuɗi akwai iyod, in ya tsaya fari babu. Wanda ya sayo gishiri yau a kasuwa, ko yake da guntu a aljihu, ya matso da shi nan bisa tabarma mu ɗiga kowa ya gani. Mu fara da na iyayenmu mata.